Muryar Goggo Delu

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Baba?

Jikin Goggo Delu dai ya ƙi. Likitan nan Riyad ya ce maganarta ba za ta dawo ba. Matar da a wasan daɓe ake jin muryarta har bayan fili, ba lasifika.

Jiya na kunna mata bidiyon 'yan wasan da ta ɗauki nauyinsu. Sun gode wa kowa, ban da ita. Raina ya ɓaci. Amma da mawaƙiyarsu ta manta baiti, sai na ga leɓen Goggo na motsi, tana tuna mata.

Ku sa ta a addu'a, ni kam na cire rai. Ki gaida Inna.

Ƙanwarki Binta, daga unguwar Gubaira, Riyad