Kafaɗarka ta Dama

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana da rai ma, miƙo mini za ka yi ka ce in karanta maka kana taka keke. To ni dai zan yi ta magana, don na rasa inda zan sa kaina.

Soja sun koma bariki, an rantsar da farar hula. Kai da kake cewa sai ka gani da idonka, ga shi an yi ba ka nan. Hotunan 'yan takara har yanzu suna manne a bangon zaurenmu na Koki, ruwa ya wanke musu fuska. Yara lafiya lau. Ƙaninka Sabo ne ya karɓi shago da keken ɗinki da aka raba gado. Lokacin zaɓe ya yi ta zuba wa 'yan jam'iyya riguna, duk girma ɗaya kamar buhu, kuma wallahi ya samu.

Ni kuwa tun da na fita takaba zama ya gagare ni. In shiga ɗaki, in fito tsakar gida, in sake komawa. Takardun yankanmu suna nan rataye a ƙusa, iska tana kaɗa su, ni ina kallo.

Ka tuna yadda muka fara? Matan cikin birni ba wanda zai bari tela namiji ya sa musu tef a jiki. Sai dai a aiko maka da tsohuwar riga a ce a yi irinta, alhali mai rigar ta ƙara jiki tun bara, ko ta rame bayan haihuwa. Ɗinki ya fito ya matse, kai ne da shan zagi. Kai ka kai ni makarantar sana'a ta mata, aka koya mini fitar da siffar riga a takarda kafin almakashi ya taɓa yadi. Sai ya zama ni ke shiga gida-gida in auna mace, in dawo in zana a takardar buhun siminti, in yanke, kai ka ɗora a kan atamfa ka ɗinka. Daga Koki har Dala aka san mu, ko da yake sunanka kaɗai ake kira. Abin ya sha yi mini ciwo, ban dai faɗa ba.

Yanzu fa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka san ni da keke, layina ba ya miƙewa. Na kai wa Sabo takardun, ya ce shi idonsa ya ishe shi. Na zaga telolin unguwa, wani har da tambayata ko takarda ake sawa a jiki. Shi kuma wana, Yaya Lawan, da yake shi ke kawo mana hatsi tun rasuwarka, ya ce in ban samu abin yi ba zuwa ƙarshen wata, in kwaso yara in koma gidansa a Dala, takardun nan a ba mai ƙosai ta riƙa naɗi. Ba da mugunta ya faɗa ba, amma ranar ko abinci ban iya ci ba. Aikin shekarun nan duka ya ƙare a ƙosai?

Ba inda ban buga ba. Sabon kansila ya ce za a buɗe wa mata wurin koyon sana'a a Kabuga, ana neman malama. Na je na tarar da kwaɗo a ƙofa, awaki a baranda. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Binta da muka yi makaranta tare tana Legas wajen wata mai ɗinkin sayarwa, ta aiko in zo, wai can ana daraja masu fitar da takarda. In kai yara ina? Wasu samari masu shirya fim suka zo neman kayan sarauniya, na fitar musu da takarda, suka biya ni da godiya.

Sai na ji wani kamfani a Bompai ya samu kwangilar ɗinka wa masinjoji da masu gadin ofisoshin sabuwar gwamnati inifam, suna neman wanda zai fitar da takardar, ya ƙara girma ya rage. Na yafa mayafi na hau mota. Shugaban ɗakin yanka, wani dattijo mai tabarau, ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo kwali da fensir, ya ce in fitar da rigar namiji matsakaici.

Malam, wane namiji na taɓa aunawa in ba kai ba? Awonka a kaina yake, ban ma taɓa tef ba hannuna ya tafi. Da na gama ya ɗauki gaban rigar, dama da hagu, ya haɗa su. Ya tambaye ni me ya sa na yanka biyu, alhali a kamfani gefe ɗaya ake fitarwa a ninka yadi. Sannan ya nuna mini kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka da kamar faɗin yatsa. Ya ce sauran aikin tsaf yake, in je in gyara wannan kuskuren in dawo.

Ba kuskure ba ne, kai ne. Kafaɗarka ta dama ta sauka, keke ne ya yi maka haka, hannun da ke juya shi shekara da shekaru. Tun kaftanin farko da na fitar maka na gani, na rage wurin a takarda na yi shiru. Kai kuma duk Juma'a ka tsaya gaban madubi kana cika baki, wai jikinka ne mai karɓar kaya. In yi dariya ta ciki in miƙo maka hula. Me zai sa in gaya maka? Ka tafi ba ka sani ba, kuma ko yau aka dawo da kai ba zan faɗa ba.

Na kwana biyu ina zagaya kwalin nan kamar mai zagaya wuta. Sau nawa na ɗauki fensir na ajiye? Daga ƙarshe na tuna bakin yara da maganar Yaya Lawan, na ɗaga kafaɗar, na daidaita ta da 'yar'uwarta.

Suka ɗinka gwaji, suka kira mai gadinsu ya sa. Da ya juya baya sai da na dafa tebur. Faɗin bayanka ne, tsawon hannunka ne, wuyanka ne, amma kafaɗu a miƙe. Ashe haka kake kafin keke ya ci rabonsa? Ni ban taɓa ganinka haka ba, na same ka ka riga ka karkace.

Sun ɗauke ni, ranar Litinin zan fara. Yaya Lawan ya ce Allah Ya sa albarka. Amma hankalina bai kwanta ba. Wa zai riƙa shiga gidaje yana auna matan nan? Za su koma aiken tsohuwar riga ke nan? Kuma ni yaya zan yi da idona? Kafin sallah za ka cika ƙofofin ofisoshin Kano, a tsaye, kafaɗa a miƙe, duk inda na bi ina ganin bayanka. Ni kuwa riga mai karkatacciyar kafaɗar nake nema, ita ce ba za a sake ɗinkawa ba.

Takardarka ta asali tana nan a ƙusarta, ban taɓa ta ba. Allah Ya jiƙanka, Ya sada mu a inda ba rabuwa. Ko a can, in an tara ku da yawa, ta baya zan gane ka.

Matarka, mai yi maka yanka,
Rabi