Ƙugiya a Akwatin Zaɓe

Morne Cabri,
farkon Oktoba

Zuwa ga matata Dora,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya sanyin Toronto? Yaya 'yarmu Shermaine da jiki, da baƙonmu da har yanzu ban gani ba sai a hoto? Kin ce hancina ya ɗauko. To, Allah ya ba shi haƙurin ɗaukarsa. Nan gida lafiya lau. Ayabarki ta bayan ɗaki ta nuna, na raba wa maƙwabta, kuma gwiwata ta yi sauƙi.

Labari biyu gare ni, mai daɗi da marar daɗi. Mai daɗin shi ne reshenmu ya zaɓe ni wakili zuwa babban taron jam'iyya na watan gobe, inda za a zaɓi sabon shugaba. Verlyn Sylvestre ta sake fitowa, karo na uku ke nan, ita da Dokta Osbert Lafleur. Masu lissafi sun ce tazarar ba za ta wuce 'yan ƙuri'u ba, don haka yanzu har waɗanda ba sa gaishe ni sun fara tambayar gwiwata.

Marar daɗin ya faru ranar Asabar a filin ƙwallo. Verlyn ta yi jawabi, Dora, jawabin da ya sa masunta suka bar taru suka hawo tudu. Ina zaune a layin gaba ina jin kowace tsayawa da ta yi, kowane wurin da ta sassauta murya don mutane su matso da kunne, na san daga ina ta samo su. Shekara bakwai yarinyar nan tana hannuna. Ni na riƙa tsayar da ita a wancan ƙarshen filin da jarida, ni ina wannan ƙarshen, in ce ta karanta har sai na ji kowane harafi. Da ta zo ƙarshe sai ta ce akwai malamin da in ba don shi ba, da ba ta taɓa shiga majalisa ba. Har na gyara wuyan rigata. Sai ta kira Malama Ismay Charlery. Aka ɗago tsohuwar da sandarta, aka ba ta furanni, aka yi ta tafi.

Kin san tarihin, amma bari in maimaita, ko zuciyata ta yi sanyi. Zaɓenta na farko ta faɗi da ƙuri'a talatin da ɗaya, alhali an zubar da hamsin da takwas daga akwatin ƙauyenmu, saboda mutane sun yi mata alamar daidai, wadda yaranmu suke kira ƙugiya, maimakon X da doka ta ce. Suka ce ba za su yi wa 'yar Ma Philo, wato Verlyn, alamar kuskure ba, Ticha ya koya musu X na wanda ya faɗi ne. Laifina ne? Abin da ke cikin littafi na koyar. Sai Ismay ta bi gida gida tana cewa X ɗin nan ba na makaranta ba ne, irin wanda ake sa wa a ƙarshen wasiƙa ne, wato sumba. "Ku sumbaci Verlyn." Shi ke nan fa aikin da ta yi. Daga nan Verlyn ta ci mazaɓar sau huɗu a jere, ta rasa ta bayan babbar guguwa lokacin da kowa ke fushi da gwamnati a kan kwanon rufi, ta sake ƙwato ta, ta riƙe har yau. Shugabanci kuwa, karon farko an yi mata kaye mai muni, na biyu ta rasa da goma sha huɗu. A duk waɗannan babu daren kamfe ko ranar ƙirga da ban tsaya mata ba. Amma layi biyu da Ismay ta gitta sun fi shekaruna bakwai.

Ba kishi nake yi ba, kar ki soma. Gaskiya kawai nake so a faɗa.

Na ga X uku da kika jera a ƙasan wasiƙarki. Tun muna saurayi da budurwa nake gaya miki, duk lokacin da na gan su sai in koma sama ina neman inda na yi kuskure.

Ki gaida Shermaine da mijinta, ki shafa mini kan yaron.

Naki har kullum,
Cuthbert

Morne Cabri,
ƙarshen Oktoba

Dora tawa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata tarin da kika ce ya kama ki ya tafi. Ki riƙa shan citta da zuma, ki daina fita ba hula. Yaya yaro, yana barin ku ku yi barci? Wasiƙarki ta iso, na kuma karanta inda kika ce tsoho mai furfura yana rigima a kan furanni. Na ji. Ke kina nesa, ba ke ake yi wa dariya ba.

Ashe Ismay ma wakiliya ce, reshen mata ya tura ta. Ranar Lahadi bayan coci ta tare ni a bakin ƙofa tana murmushin nan nata, ta ce, "Cuthbert, ka zo gida in yi maka bita, kar ka je ka ba mu kunya a birni." Mata suka fashe da dariya. Na ce mata lokacin da nake koyar da tsarin mulki ita tana koya wa yara fyace hanci. Ta ce, "Ai shi ya sa duk garin suka iya fyace hanci."

A shagon Boyo ma haka. Ina zama a teburin wasan domino sai Boyo ya buga nasa ya ce, "Ticha, ƙugiya za ka kai musu ko sumba?" Wannan Boyo da ya maimaita aji uku har sau biyu a hannuna.

Dokta Lafleur ya zo gidan nan da kansa. Ya zauna a kujerarki ya sha shayin koko kofi biyu, ya ce duk tsibirin an san wanda ya ƙera harshen Verlyn, kuma abin kunya ne yadda ake mantawa da manya. Na san daɗin bakin mai neman ƙuri'a ne, ba yaro ba ne ni. Amma Dora, mai ƙishirwa ba ya tambayar daga wace rijiya. Mutumin ba ya iya haɗa jimla uku ba tare da ya duba takarda ba, duk da haka na raka shi har mota.

Ita kuwa Verlyn ta biyo ranar Laraba. Ba ta ko zauna ba. Ta tsaya a matakala ta ce, "Ticha, kai ai ba sai na roƙe ka ba." Ta tambayi lafiyarki, ta duba agogo, ta tafi. Na leƙa ta taga na ga motar ta tsaya a ƙofar Ismay, an shiga da kwandon kifi, kuma har na gama shara na wanke kwanuka motar tana nan. Ba sai ta roƙe ni ba. Kamar tsohuwar kujera a ɗaki, an san ba inda za ta.

To ga abin da na yanke, ke kaɗai nake gaya wa. Ba zan zaɓi Lafleur ba, hannuna ba zai iya ba. Amma ita ma ba za ta sami ƙuri'ata ba. Ƙugiya zan yi mata, babba, mai kyau. A wurina na ce ta yi daidai, a wurin masu ƙirga kuwa takarda ta lalace. In ta rasa da ƙuri'a ɗaya, sai ta je wurin Ismay ta karɓi sumba.

Kar ki rubuto kina yi mini wa'azi, kafin amsarki ta iso an gama.

Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Cuthbert

Morne Cabri,
Nuwamba

Matata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kewa. Yaya jikinki, yaya Shermaine da ɗan mai hancin? Na ji an sa ranar baftisma, Allah ya kai mu. Na san Shermaine ta riga ta nuna miki sakamakon a waya, wataƙila har da abin da ake faɗa a kaina. Ki zauna ki ji yadda aka yi daga bakina.

Da asuba motar reshe ta ɗauke mu, mata suna waƙa tun daga gada har birni. Zauren ya cika maƙil. Lafleur ya karanta takardarsa. Verlyn ta ajiye tata a kan tebur ta yi magana da ka, kuma ta tsaya a duk inda ya kamata ta tsaya. Ban yi tafi ba.

Da aka kira reshenmu na shiga bayan labule da niyyata. Na ɗauki fensir, na sami sunanta. Sai na tsaya. Kin san a shekara bakwai ɗin nan ban taɓa mayar mata da littafi ba X ba. Ko ta yi komai daidai sai na nemo waƙafi ɗaya na soke, don kar kanta ya kumbura, don ta dawo gobe da wanda ya fi. Na dubi sunan nan na ce, yarinyar nan da X ɗina ta girma, ba yau zan canja mata hannu ba. Na gitta shi, Dora, layi biyu masu kauri, na ninke na jefa. Na fito ina jin haushin kaina.

Wajen la'asar aka faɗi sakamako. Verlyn ɗari biyu da shida, Lafleur ɗari da casa'in da tara. Zauren ya kusa tsagewa. Sai mai sanarwa ya ɗaga hannu ya ce akwai takarda ɗaya da ta lalace, wani ya yi wa Madam Sylvestre ƙugiya. Dora, kawunan mutum ɗari huɗu suka juyo wurina kamar an ja su da igiya. Wani daga baya ya ƙwala, "Ticha ya yi maki!" Dariya har da masu riƙe ciki. Na miƙe zan rantse.

Sai na ji an riƙe mini hannun riga. Ismay ce, kujerarta na kusa da tawa. Fuskarta ta yi fari kamar toka. Ta ce a hankali, "Cuthbert, zauna. Ni ce." Na ce ke wa? Ta ce, "Na ga sunan yarinyar nan, ban san lokacin da hannuna ya yi ba. Sai da takardar ta faɗa akwati na tuna. Shekara arba'in ina maki, Cuthbert. Na tsufa." Matar da ta koya wa tsibiri guda sumba. 

Ba zan ɓoye miki ba, wani daɗi ya ratsa ni tun daga kai har gwiwar mai ciwo. Kalma biyu kawai zan faɗa da ƙarfi, furannin nan duka su bushe. Har na buɗe baki.

Kafin in yi magana sai ga Verlyn ta ratso mutane, ta bar 'yan jarida a tsaye, ta zo ta durƙusa a gabana da rigarta mai tsada. Ta kama hannuna biyu ta ce, "Ticha, na san kai ne, kar ka ce komai. Shekara bakwai ina neman ƙugiya ɗaya mai tsabta daga hannunka ban samu ba. Na ci zaɓe shida ina duban fuskarka a layin gaba, ban ga alamar na yi daidai ba. Ko sunanka tsoron kira nake yi a taro, kar ka gyara mini jimla. Yau ka ba ni. Wallahi ta fi mini ɗari biyu da shidan nan." Tana kuka, shugabar jam'iyya guda. Ta ce za ta roƙi a ba ta takardar ta sa a gilashi a ofishinta.

Na dubi Ismay. Ta sunkuyar da kai tana jiran abin da zan yi. Na dubi Verlyn. Sai na ce mata ta tashi, rigarta za ta yi datti, kuma a jimlarta ta biyu daga ƙarshe ta yi sauri. Ta yi dariya cikin hawaye ta rungume ni.

A mota da za mu dawo Ismay ta miƙo mini rabin burodinta da kifi. Na karɓa na ci. Boyo kuwa ya riga ya rataye ƙatuwar ƙugiyar kamun kifi a saman kujerata a shago, kuma na san da sunan nan za a binne ni.

Yanzu ki duba lamarin nan da kyau, ki gaya mini ko akwai wanda aka taɓa yi wa irin wannan. Ƙuri'ar da na ba ta da hannuna tana cikin tarin ɗari biyu da shida, ba wanda zai taɓa sanin tawa ce. Abu ɗaya da yarinyar nan ta taɓa gode mini a kansa a gaban jama'a, abin da za ta rataye a bango ta riƙa nuna wa baƙi tana cewa na Ticha ne, shi ma na Ismay ne. Ko a nan sai da tsohuwar nan ta riga ni.

Ki riƙe wannan a cikinki, ko Shermaine kar ta ji. Ki dawo da wuri, gidan ya yi mini faɗi. Abin da ke ƙasan sunana kuma ba kuskure kika yi ba, kar ki koma sama kina nema.

Naki har abada,
Cuthbert
X