Sun Ce Malam Yana Faɗuwa, Ni Na San Sallah Yake

Anti Hamdiya,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, kuma ki yi haƙuri da rubutuna. Sai da na kai shekara arba'in da bakwai na fara riƙe bik, wato biro, a ajin yamma na mata a nan unguwarmu ta Stains, kusa da Paris, kuma har yau ina daɗewa a kan layi ɗaya. Kwana uku na yi ina wannan wasiƙa. Ban ba kowa ya rubuta mini ba, don ba na so ƴaƴana su ji abin da ke cikinta kafin in san yadda zan yi.

Shekararmu arba'in da ɗaya da aure, ni da Malam. Mutanen Damagaram ne mu. Shi ya yi aikin ɗora kaya a manyan ɗakunan ajiya har bayansa ya gaji, ni kuma na yi shara a ofisoshin Paris shekara ashirin da biyu. Shekara huɗu ke nan da ciwon mantuwa ya kama shi. Faransancin da ya koya duk ya zube, Hausa kaɗai ta rage masa. Sau biyu yana fita ya ɓata. Na biyun a kasuwar Barbès aka same shi, ƙarƙashin gadar jirgin metro, yana tambayar masu kifi hanyar Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Likita ya ce gida ba zai ƙara iya riƙe shi ba, sai gidan tsofaffi mai sashe na masu irin ciwonsa, inda ƙofa ba ta buɗuwa sai da lamba.

Ƴaƴanmu biyu. Ƙaramin, Abdulƙadir, direban bas ne a nan kusa da mu, da ƴaƴansa uku. Babbar tana Lyon, a Vénissieux, tana aiki a kantin magani. Sunan mahaifiyar Malam aka sa mata, don haka tun tana cikin zane bai taɓa faɗin sunanta ba, Inna yake ce mata, duk muka bi bakinsa. To yanzu da gaske ya ɗauka uwarsa ce. In ta shigo sai ya gyara zama. In ta ce ya sha magani sai ya buɗe baki kamar yaro. Ni kuwa da nake wanke shi, nake canja masa shimfiɗa, sai ya dube ni ya ce baiwar Allah ki koma gidanku kada a neme ki. Anti, zan faɗa miki gaskiya ko da za ki zage ni: ina jin ƙyashin ƴar da na haifa. Ko wurin likita muka je, ita suke kallo in suna magana, ni ina zaune riƙe da jaka kamar ƴar rakiya. Kuma ƴar fari ce, kin san kunyar da ke tsakani. Ban taɓa zama na buɗe mata cikina ba, ban san ta inda ake farawa ba.

A watan Afrilu aka yi mini aikin gwiwa, sai Inna ta ɗauke shi zuwa wani gidan tsofaffi kusa da ita, na sati uku. Da na iya tafiya na je. Tsohon gini ne, fenti yana ɓarewa, ƙamshin miya da na javel, ruwan wanke ƙasa, sun gauraye, kuma mutum biyu ne a ɗaki. Amma na tarar da Malam ya yi kumatu. An ajiye masa buta a banɗaki, wani ma'aikaci mai suna Nassim ya liƙa jan zare a ƙasa yana nuna alƙibla. Ina shiga Malam ya kama hannun Inna ya ɓuya bayanta. A jirgin ƙasa na dawowa ban iya cin abin da ta ƙulla mini ba. Na ce a raina, wallahi ba a can zai zauna ba, Inna da gidan nan su ɗauke mini miji in koma mai ziyara daga nesa.

Sai na nemi nawa. Na samo littafin talla na wani gida mai zaman kansa, minti arba'in daga nan a bas. Shi ne littafi na farko da na karanta da kaina tun daga bango har bango. Akwai lambu, akwai mai gyaran gashi, kowa da ɗakinsa, falon kamar na manyan ofisoshin da na yi shekaru ina gogewa ban taɓa zama a kujerunsu ba. Ero dubu uku da ɗari takwas a wata. Na Vénissieux dubu biyu da ɗari uku ne, kuma yana karɓar tallafin gwamnati, wannan ba ya karɓa. Fanshon Malam dubu ɗaya da ɗari uku ne. Na ce wa yaran ubansu ya fi ƙarfin gidan da bango ke ɓarewa. Abdulƙadir ya sunkuyar da kai ya ce zai ƙara aikin Asabar da Lahadi. Inna kuwa ta ce a waya, to a gwada wata ɗaya.

Ranar da na kai shi ni kaɗai na cika takardu, na hana a kira Inna. Akwai shafi guda da ban gane tambayoyinsa ba, na bar shi fari, na ji nauyin tambayar matar da ke tsaye kaina da murmushi. Daga baya na gane shafin al'adunsa ne da addininsa. Ban kuma kai tsohuwar dardumarsa da butarsa ta roba ba, na ga kamar za su kunyata mu a irin wannan wuri.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Malam ya manta lokutan sallah, ya manta tsayuwa da ruku'u, amma bai manta sujada ba. Sau goma a yini sai ya durƙusa duk inda yake, ko a baranda ne ko bakin ɗakin cin abinci, ya kafa goshi a ƙasa ya daɗe, kuma ba ya iya tashi sai an ɗaga shi. Ma'aikatan can kullum sababbin fuska ne, yau wannan gobe wancan. Duk wanda ya same shi a ƙasa sai ya rubuta ya faɗi. Wata yarinya baƙa cikin ma'aikatan ta taɓa ce mini ita kamar sallah take gani, sati na gaba ba ta nan. A kwana goma suka rubuta faɗuwa goma sha tara. Aka ce likitan gidan ya ba da umarni a zaunar da shi a kujera mai ɗamara don kada ya ji ciwo, aka ba ni takarda cewa an sanar da ni, na sa hannu.

Na san ba faɗuwa yake ba, Anti. Tun rana ta biyu na sani. Na yi shiru don in na faɗa za a tambayi dalilin da ban rubuta ba tun farko, maganar ta kai kunnen Inna, ta ce ai ga shi nan, a maido shi wurinta. Sati biyu ke nan yana kujerar. Ya rage cin abinci. Shekaranjiya na same shi yana ta sunkuyowa gaba, ɗamarar tana tare shi, yana ta ƙoƙarin kai goshinsa ga gwiwarsa.

Yanzu gidan Vénissieux sun kira Inna, gado ya samu, za su riƙe mana zuwa Juma'a ta sama. Nan kuma suna so in sa hannu a zama na dindindin ƙarshen wata. In na bar shi ya tafi, ni ina zan sa kaina? In na riƙe shi, ɗana zai karye, kuma ban san don Malam nake yi ko don kaina ba. Mai tsadar ba shi ne mai kyau ba? Ki gaya mini.

Uwar Inna, daga Stains

*

Wa alaikumus salam, Hajiya.

Rubutunki ya fito sarai, babu layin da ban gane ba. Kuma ba zan zage ki ba. Amma akwai abu ɗaya da ba zai jira Juma'a ba, ba zai ma jira ki gama karanta amsata ba in da hali.

Gobe da safe ki ɗauki darduma da buta ki je. Ki nemi shugabar masu jinya, ki gaya mata da bakinki cewa sujada yake yi, ki nemi likita ya sake duba maganar ɗamarar, a rubuta wannan a takardunsa inda kowane sabon ma'aikaci zai gani. Sa hannun da kika yi bai ɗaure ki ba. In kina tsoron Faransancin zai kuɓuce miki, ki tafi da Abdulƙadir. Tsoho in ya daɗe a ɗaure ƙafarsa mutuwa take yi, sai kuma faɗuwar gaske ta zo. Wannan ba maganar Paris ko Lyon ba ce.

Sai ki kira ƴarki, ki faɗa mata duka, har da shafin da kika bari fari. Na san kunyar ƴar fari, ni ma a cikinta na tashi. Amma kunyar da ta bar Malam sati biyu a kujera ta wuce inda aka ajiye ta. Gara ta ji daga bakinki da ta gani a takardar likita, kuma za ta gani.

Game da ƙyashin, ki sassauta wa kanki. Wannan ciwo daga baya-bayan nan yake fara ci, ya bar na can farko. Malam ya koma shekarun da ba ki shigo rayuwarsa ba tukuna, uwarsa yake nema. Ba zaɓar Inna ya yi ya bar ki ba. Ki kuma tuna ita ma ta yi rashi: ubanta yana kallonta yana ganin wata. Ke ba ya gane ki, ita ma ba ita yake ganewa ba.

Kin tambaya ko mai tsadar shi ne mai kyau. Kuɗin nan da yawansa na gini ne da lambu da ɗaki. Mai ciwon mantuwa kuwa abin da ya fi buƙata fuska ce da ba ta canjawa, wadda ta san halinsa. In za ki auna gida, kada ki tsaya a falo. Ki je lokacin cin abinci ki ga mutum nawa ke ba tsofaffi nawa, ki tambayi ma'aikaciya shekararta nawa a wurin, ki duba ko tsofaffin yawo suke ko a zaune aka jera su. A kan wannan awo, gidan da bangonsa ke ɓarewa ya riga ya nuna miki abin da ya iya. Sai dai in yi adalci: gidan nan na kusa da ke ba a gaya musu komai ba, wataƙila in an gaya musu su gyara. Amma ko sun gyara, ero dubu biyu da ɗari biyar ne za su riƙa fita daga aljihun ƴaƴanki kowane wata, ciwon nan kuma yana iya kai shekara biyar ko fiye. Direban bas mai ƴaƴa uku ba zai kai ba, kuma ba zai faɗa miki ba sai ya faɗi.

Tsoronki na nisa ma gaskiya ne, ban raina shi ba. Inna tana aiki, ba za ta iya zuwa kullum ba, Nassim kuma ma'aikaci ne, yana iya barin wurin. Ke ce mai lokaci, ke ce kika san ma'anar kowane motsinsa. Don haka shawarata ita ce ku karɓi gadon Vénissieux kafin Juma'a, kada ki sa hannu a nan, amma kada ki tura shi ki zauna. Ki bi shi. Ki yi wata biyu ko uku a wurin ƴarki, ki riƙa zuwa kullum da abincin hannunki in sun yarda, a rubuta sunanki tare da nata cikin waɗanda likita zai riƙa yi wa bayani. Wannan haƙƙinki ne, ki nema da baki. Kada ki saki gidanki na Stains tukuna. Kafin ki tafi ki je ofishin magajin gari, ki ga ma'aikaciyar da ke kula da tallafin tsofaffi. Ta lissafa muku abin da zai rage a kan yaran, ta bayyana muku sharuɗɗan tallafin, ta kuma sa sunan Malam a layin gidajen yankinku masu karɓar tallafin. Layin yana da tsawo, amma in zaman Lyon ya gagare ki, kina da ƙofa.

Ba za ki rasa miji don ƴarki ta taya ki ɗaukarsa ba. Shekara huɗu kina ɗauke da shi ke kaɗai, kin gaji fiye da yadda kika sani. Allah ya ba Malam sauƙi, ya karɓi ibadarsa yadda ta zo, ya sanyaya miki zuciya, ya kuma sa albarka tsakaninki da ƴarki.

Taki,
Anti Hamdiya