Sun Shafe Ni da Laka

Yaya Vuyokazi,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mama? Yaya yaran?

Nan Worcester ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, ga sanyi. Ɗakinmu yana ɗan yoyo, amma kwano biyu sun isa tarewa. Kada Mama ta ji.

Albishirinki! An yi gasar datse rassan inabi a gonarmu, aka ce wanda ya ci ba za a sallame shi ba, aikinsa ya zama na dindindin. Helmanmu, wato shugaban ma'aikata, Dirkie, ya dube ni ya ce, "Nolu, da waɗannan 'yan hannuwan? Je ki dafa mana shayi." Na ce, "Baba Dirkie, ɗora ruwan da kanka, ina zuwa." Na riga maza goma sha ɗaya kai ƙarshen layi, kuma ko reshe ɗaya ban ɓata ba.

Kyautar har da kwana biyu a gidan wankan ruwan zafi a Montagu. Yaya, laka suka shafe ni da ita, baƙa, mai ɗumi, daga wuya har tafin ƙafa! Na ce wa matar da ke shafa min, "'Yar'uwa, a garinmu kan wannan ake zane yara." Ina kwance, ruwa yana dukan taga, sai yatsuna da suka ƙage tun Mayu suka saki. Na ɗan yi hawaye.

Ki karɓo takardun makarantar 'yata Anathi. A Disamba zan zo in taho da ita. Allah ya saka miki da riƙon da kika yi mata.

Ƙanwarki,
Nolubabalo