Kunnen da Ya Ɗauke a Sandakan

Maman Wulan,

Ina gaisuwa. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya 'yata?

Ni lafiya lau, aikin gonar manja da godiya, sai dai abu ɗaya. Wata uku ke nan da na tashi da safe kunnena na dama ya ɗauke ɗif. Abokina Darto ya ce, "Dauɗa ce, ƙazami, ɗiga masa mai!" Na ɗiga, na yi ta jira. Jiya likita ya duba ni, ya ce, "Da a makon farko ka zo, da mun gwada magani. Yanzu lokaci ya wuce."

Kada Inna ta ji. Na hagun yana aiki. Ki dai gaya wa Wulan, in na sa ta maimaita magana a waya, ba tsokanarta nake yi ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Mijinki,
Sukardi