Bangon da Gwaggo Ke Bi

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Yau na koya wa ɗalibaina tarihin gini: na laka, na Turawan mulki mai baranda, na bayan 'yancin kai mai bulo mai huji, na yanzu mai gilashi. Ina ta zuba kamar rediyo, alhali akwai irin wasunsu a gidanmu na unguwar Nima, gidan da ni da hannuna na zana yadda za a rushe shi.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Yaya Razak ya kira daga Jamus, ya fara da "cale" ɗin nan da abokai ke kiran juna da shi a nan. "Cale, Shamima, bene hawa uku, shago huɗu a ƙasa. Kar ki ce wa Gwaggo komai, ki ce gyara ne." Na ce to. Bakina bai ko yi nauyi ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na zauna ina kallon Gwaggo Barikisu, ƙanwar Baba. Tunda idonta ya tafi, bango ne sandarta. Daga ɗakinta takan dafa zauren laka da Kaka ya gina lokacin da ya zo daga Doso. Kauri gare shi, da sanyi ko da rana tsaka. Ta wuce ɗakunan Baba, tana zura yatsa a hujin bulo, ta shafa tagar luba mai jerin gilasai. In ta ji santsin tayil ɗin da Yaya ya manna kafin ya tafi, ta san ta iso famfo.

Ta ce, "Kowa ya gina irin halinshi. Kakanki haƙuri, babanki son iska, Razak ƙyalli." Na yi dariya. Sai ta ce, "Ke fa, wane iri za ki yi mana?"

Na ce fenti kawai za a shafa, Gwaggo.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Mun kai Gwaggo wurin Anti Mulikatu a unguwar Kanda. Wai sati biyu. Ko tabarmar sallarta ba ta ɗauka ba, ta ce ai yanzu za ta dawo.

Talata, 5 ga Nuwamba

An sauke ɗakunan Baba. Bulon bai yi gardama ba. Kazeem magini ya ce zauren sai mako mai zuwa, shi ne a bakin titi, inda shago na huɗu zai zauna. Na ɗauki hoto don ɗalibai. Ji mini rashin kunya.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Na je Kanda. Anti ta ce Gwaggo ba ta sauka daga gado sai an kama ta. Gidan sumul yake, bango duk iri ɗaya, hannunta ba ya gaya mata komai. Shekaranjiya ta nemi banɗaki, ta ɓace a falo, ta tsaya cik har abin ya kubce mata. Matar da ta yi mini wanka ina jaririya!

Da ta ji muryata ta ce, "Fentin bai bushe ba?"

Na ce saura kaɗan. Na fito na yi kuka a tashar mota, mai sayar da ruwa tana kallona. Ni na jawo, ba Yaya ba. Shi yana nesa, ni ce nake ganin hannunta kullum.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na aika wa Yaya sabon zane. Shago uku. Na ce masa gefen zauren ya yi kusa da gwatar da ruwa ke bi, ƙasar ba za ta ɗauki ginshiƙi ba, gara a bar shi yadda yake. Ya yi ta faɗa, ya kashe waya. Ƙarya ce, ƙasar lafiyarta ƙalau. Na ƙware dai.

Ba don komai na bar shi ba. Gini ne na tarihi, ɗalibai za su amfana. Haka na gaya wa Kazeem.

Jibi zan ɗauko Gwaggo. Daga zauren zuwa famfo yanzu fili ne, babu abin dafawa. Sai dai ta riƙe hannuna, kuma a hanya zan faɗa mata dalili.