Kujerar Earline

Asabar, 4 ga Fabrairu, 2023
Na koma kujerar Earline mai gyara min gashi, karon farko tun bayan aikin da aka yi min a asibiti. Ta taɓa tushen gashina ta ce, "Vernelle, wannan daji ne ko kai?" Ta shafa min man miƙar da gashi, ya yi ta cizo, na daure kamar kullum. Na fito gashi kwance luf. Likita ya ce sankarar ta tafi tare da mahaifar. To, alhamdu. Gobe kujerar gaba zan zauna a coci, duk garin Memphis ya san ban mutu ba.

Talata, 7 ga Fabrairu
Keosha ta zo da rigimarta. Wai lauyoyi na tara matan da suka yi sankarar mahaifa, za a kai kamfanonin man ƙara. "Mama, mahaifa fa aka cire miki, kika koma aka lafta miki abin nan!" Na ce binciken da masana suka yi cewa ya yi haɗarin ya fi yawa ga masu shafa man, bai ce shi ya sa min ba. 'Yar da na haifa za ta koya min kaina! Ita da ke yawo da gashi kamar an yi wa kaza wanka.

Alhamis, 16 ga Fabrairu
Ba na jin tsoro. Barci ne kawai ya yi min wuya.

Laraba, 1 ga Maris
Na yi magana da lauyar don Keosha ta bar ni in sha iska. Mace mai hankali. Ta ce ba ruwansu da masu shago, kamfani suke nema, amma sai an san irin man da aka sa min. Ina zan sani? Tun ina budurwa baya nake juya wa Earline in rufe ido. Mace ba ta tambayar mai gyara mata kai me ke cikin roba, kamar yadda ba ta zuwa wani shagon a ɓoye.

Asabar, 4 ga Maris
Na tambayi Earline. A gaban mutane kuma, wautata. Ta ajiye mataji. "Wato ni na sa miki ciwon?" Na ce haba 'yar'uwa. Ta ce in gaishe da lauyata. Raina ya ɓaci ƙwarai, ita ce fa ta yi min kai ranar aurena da ranar da na binne mijina Roosevelt. Za ta huce, na san halinta.

Lahadi, 12 ga Maris
A coci ta zauna can baya. Oho.

Litinin, 20 ga Maris
Sai ga ta da tukunyar ganye da burodin masara. Ta ƙi zama. Tana tsaye ta faɗi sunayen man kaf, ta ce in gaya wa lauyar ta kira ta, za ta maimaita a gaban kowa. Na ɗauka shi ke nan. Har ta kai ƙofa ta juyo. "Vernelle, naki yaya ya fara? Jinin." Ita ma tun bara take gani, ga shi al'ada ta daɗe da ɗauke mata. Ba ta gaya wa kowa ba. Na ce, "Ɗauki jakarki, mara kunya, yanzu zan kira likitana."

Alhamis, 30 ga Maris
An ɗebi ɗan nama daga mahaifar Earline za a auna. Ni na kai ta a motata. Duk hanya tana zagin tuƙina. Lafiya za ta fito, na faɗa mata, na kuma faɗa wa Ubangiji.

Juma'a, 7 ga Afrilu
Har yanzu shiru daga asibiti. Gobe ranar gyaran kaina ce, jibi Ista. Earline ta kira ta ce in zo da wuri, ba ta ce komai kan man ba, ni ma haka. Duk macen da za a sa wa mai gobe ba ta sosa kai, sai dai ta bubbuga da tafi, in ba haka ba fatar ta ƙone. Ina zaune ɗazu ina kallon labarai na tarar da yatsuna goma cikin gashina, ina ta susa son raina. Ban daina ba. Wanki kawai za ta yi min. Wannan karon dai.